Zafin Gari da Allurar Geji: Inda Ake Tafka Kuskure Wajen Ɗura Gas a Esin Mota

A ɗauki mota ɗaya, gas ɗin esinta cif yadda kamfani ya ƙayyade, babu yoyo ko'ina. A ɗaura mata geji da hantsi a watan Janairu a Kano, hunturu na kaɗawa, inji na aiki esi a kunne. Allurar jan gejin, wato na ɓangaren babban matsi, za ta tsaya ne tsakanin 130 da 150. A bar motar yadda take, a dawo da ita bayan azahar a watan Afrilu a sake ɗaurawa. Wannan karon allurar na iya kaiwa 300, ta ma zarce idan motar ta daɗe tsaye cikin rana. Ba a ƙara mata ko giram ɗaya ba, ba a kuma rage ba. Gari ne kawai ya sauya.

Rigingimu da yawa tsakanin masu mota da masu gyaran esi daga nan suke tasowa, ko da su kansu ba su lura ba. An ɗauka cewa geji yawan gas yake nunawa. Alhali matsi yake nunawa, shi kuwa matsi babu abin da ke juya shi kamar zafi.

Dalilin yana cikin halin gas ɗin kansa. Abin da muke kira gas, wato R134a da ke cikin mafi yawan motocin da ke yawo a titunanmu, ruwa ne a cikin gwangwani; girgiza shi ka ji yana motsi. A sarari yana tafasa ne tun a digiri 26 ƙasa da sifili, shi ya sa da an ba shi ƙofa yake tashi ya zama tururi. Idan kuwa aka kulle shi wuri guda, wani ɓangarensa zai tashi ya cika sararin da ke sama, sauran ya kwanta a ƙasa yana ruwa, su daidaita a kan wani matsi. Wannan matsi bai damu da yawan ruwan da ya rage ba. Zafi ne kaɗai ke yanke shi. A digiri 20 geji zai nuna kusan 68, a digiri 25 ya nuna 82, a 30 ya nuna 97, a 35 ya kai 114, a 40 ya kai 133, a 45 kuma ya kusa 154. Duk da ma'aunin psi nake lissafi, wanda shi ne aka fi gani a fuskar geji. Mai aiki da ma'aunin bar sai ya raba da 14.5. A lura da yadda tazarar ke buɗewa: digiri biyar na farko sun ƙara 14 ne, biyar na ƙarshe sun ƙara sama da 20. Gwargwadon yadda gari ya ƙara zafi, gwargwadon yadda kowane digiri ɗaya ke ƙara yi wa allura nauyi. Mu da muke zaune inda digiri 40 ba labari ba ne a bazara, a saman wannan tsani muke aiki.

Duk mai girki da gas ya san wannan ko bai taɓa ganin geji ba. Tukunyar da aka cika jiya da wadda ta kusa ƙarewa wuta ɗaya suke bayarwa, har zuwa ranar da ruwan ƙarshe ya ƙone ta mutu farat ɗaya. Shi ya sa mai sayarwa ba ya auna matsi, kan sikeli yake ɗorawa ya sayar da kilo.

To haka abin yake a motar da aka kashe injinta ta huce. Matsin ɓangarorin esin biyu zai haɗu ya zama ɗaya, shuɗin geji na ɓangaren ƙaramin matsi da ja na ɓangaren babba su nuna lamba guda. Idan gari na digiri 35 za a ga 114 ko kusa da haka, ko motar na ɗauke da giram 550 ɗinta cikakke, ko giram 150 ne kacal ya rage mata. Muddin akwai ɗan ruwan gas kwance a wani lungu, allurar ba za ta tona asiri ba. Saboda haka wanda ya ɗaura geji a mota kashe ya ce "Alhaji, gas ɗinka a cike yake" bai faɗi abin da gejin ya gaya masa ba. Abin da gejin ya ce kawai shi ne akwai gas, kuma ya isa ya bar kwamfireso ya kama. Awon mota kashe yana da amfani ne idan lambar ta kauce. In gari na 35 aka ga 60, ruwan ya ƙare ƙaf, tururi ne ya rage, akwai yoyo babba da ya kamata a nemo kafin a yi maganar ɗuri. In kuma motar ta kwana ta huce sarai amma lambar ta haura abin da zafin garin ya ba da, to ana zargin iska ta shiga, ko an taɓa ɗura mata wani gas dabam. Sharaɗin shi ne ta huce. Motar da ta shigo gareji yanzu daga kan titi, ƙarƙashin bonet ɗinta ya fi waje zafi nesa ba kusa ba, tana iya nuna 150 ko fiye ba tare da komai ya same ta ba.

Da an tada inji an kunna esi, lamba ɗaya ta rabu biyu. Kwamfireso na zuƙo tururi daga ifaforeta, wato ƙaramin lagireton da ke ɓoye bayan dashbod, ya matse shi ya tura shi kwandensa da ke gaban lagireton inji. A can iskar waje ke kwashe zafinsa ya koma ruwa, ya bi ta wata ƙaramar ƙofa ya faɗa cikin ifaforeta, ya sake tafasa yana shanye zafin cikin mota. A wurare biyun nan, kwandensa da ifaforeta, ruwa da tururi suna tare, don haka waccan ƙa'ida ta zafi da matsi tana nan daram. Jan geji zafin cikin kwandensa yake faɗa maka da harshen matsi, shuɗi kuma sanyin cikin ifaforeta. Wanda ya dubi fuskar geji da kyau zai ga wasu ƙananan lambobi a zagayen ciki, galibi masu launi dabam. Digiri ne. Masu ƙera gejin sun riga sun yi fassarar, mu ne ba ma karantawa.

Kwandensa ba zai iya zubar da zafi ba sai ya fi iskar da ke ratsa shi zafi, yawanci da digiri 15 zuwa 25, wani lokaci fiye idan mota na tsaye tana silo. Da wannan kowa zai iya lissafa abin da ya kamata ya gani. Gari na digiri 20, kwandensa na aiki a 40 zuwa 45, jan geji ya nuna 133 zuwa 154. Gari na 40, kwandensa ya koma 60 zuwa 70, wato 229 zuwa 292. In kwalta ta ɗauki zafi, lagireton inji na huci a bayansa, fanka ɗaya ce ke jan iska, sai a tsallaka 300 cikin sauƙi. Ɓangaren shuɗi bai cika tsalle haka ba. Lamba 28 daidai take da digiri sifili, inda raɓar da ke jikin ifaforeta ke fara daskarewa. 35 wajen digiri 4 ne, 45 kuwa digiri 10. Idan cikin mota ya gasu a rana, iskar da fanka ke turawa kan ifaforeta mai zafi ce, gas na tafasa da sauri, shuɗin geji ya hau 45 ko 50. Bayan minti goma da gilashi rufe sai ya fara saukowa da kansa. Wanda ya karanta shi a minti na farko da wanda ya jira, lamba biyu za su rubuta a mota ɗaya.

Akwai wani jadawali da ke yawo a wayoyin masu gyara, mai jera zafin gari a gefe ɗaya da matsin da ake sa ran gani a ɗaya gefen. Yana da amfani, amma don kasuwar Amurka aka tsara shi, zafinsa da ma'aunin Faranhait ne. Inda aka rubuta 85, digiri 29 ake nufi a namu lissafin. 105 kuma wajen 41 ne. Bayan haka jadawalin na kowa da kowa ne, bai san girman kwandensar motarka ba, bai san irin kwamfiresonta ba. Ya isa ya nuna maka an yi nisa da hanya. Bai isa ya ce maka ga inda za ka rufe bawul ba.

Kuskuren da ya fi tsada a lokacin sanyi ake yin sa. Mai gyara ya saba ganin 45 a shuɗin geji, ya riƙe ta a ka tamkar doka. Aka kawo masa mota da safe a Disamba, gari na digiri 16 ko 18, allura ta tsaya a 28 ko 30, kwamfireso na kamawa yana saki. Wannan lafiya ce, don babu zafin da esin zai yi kokawa da shi. Shi kuwa sai ya ga ƙaranci, ya yi ta ɗura har sai allura ta matso inda ya saba. Mai mota ya tafi yana murna, domin a wannan yanayi ko esi mai cikin da ya wuce kima zai yi sanyi. Sai Maris ya shigo. Rarar gas ɗin ta taru a kwandensa ta cinye wurin da tururi zai huce, matsi ya haura 400, makunnin kariya ya yanke kwamfireso, sanyi ya ɗauke a tsakiyar gosulo, ya dawo idan an hau babban titi. Inji na nishi, mai na tafiya, wani lokaci har allurar zafin inji ta ɗaga saboda kwandensa na watsa wa lagireto wuta. Mai motar ya koma gareji ya ce sanyi ya ragu, kuma abin takaici, amsar da ya fi yiwuwa ya samu ita ce a ƙara gas. Garin neman ƙiba a samo rama.

Na bazara kuma ta ɗaya gefen yake zuwa. Gari na 42, motar da gas ɗinta ya yi ƙasa sosai tana iya nuna 35 ko 40 a shuɗi saboda tsabar zafin da ke shiga ifaforeta. Gejin kan gwangwani, mai launin kore da ja, zai ce komai daidai. A sallame ta haka. Matsalar ba ta tsaya ga rashin sanyi ba: man da ke shafe cikin kwamfireso tare da gas yake zagayawa, idan gas ya yi kaɗan man ba ya dawowa yadda ya kamata, kwamfireso ya yi ta aiki a bushe da zafi har ya ci kansa. Wani kuma jan geji ne zai tsorata shi. Ya ga 320, ya ce an cika da yawa, ya danna bawul ya sake gas a iska. Sau da yawa ba yawan gas ba ne. Ƙurar hunturun da ta wuce ce ta toshe haƙarƙarin kwandensa, ko fanka ta gaji tana juyawa a hankali, ko leda ta manne a gaba. Tsohuwar dabarar watsa ruwa a kwandensa tana da tushe: ko a lafiyayyar mota allura za ta ɗan sauka, amma idan ta faɗo da yawa nan take, sanyin ciki kuma ya ƙaru a fili, to iska ce ba ta ratsawa. A wanke, a duba fanka, kafin a taɓa gas. Sakin nan da ake yi ma ba ƙaramin abu ba ne, don kilo ɗaya na R134a yana riƙe zafi a sararin samaniya kamar kilo 1,430 na iskar kabon.

Damina na da nata. A digiri 30 na watan Agusta da digiri 30 na watan Fabrairu, esi ba aiki ɗaya yake yi ba. Iskar damina cike take da laima, kuma kafin ifaforeta ya sanyaya ta sai ya fara matse ruwan da ke cikinta, wanda shi ne ke ɗiga ƙarƙashin mota. Wannan aiki yana cin ƙarfi, sai allurai biyun su ɗan hau, iskar da ke fitowa kuma ba ta kai ta rani sanyi ba. A rani kuwa ana iya yin tafiya mai nisa ba a ga ɗigo ɗaya a ƙasa ba, kuma ba lalacewa ba ce.

Sai wani abu da ya ƙara dagula karatun shuɗin geji. Motoci da yawa na shekarun baya-bayan nan suna da kwamfireso mai rage ƙarfi da ƙarawa da kansa, ba mai kamawa da saki ba. Aikinsa shi ne ya riƙe ɓangaren shuɗi kusa da 30 ko da me ake ciki. Gas ya ragu, ya rage bugu, allura ta tsaya inda take. An ƙara gwangwani guda, allura ta ƙi motsi. Wanda ke jiran ta hau kafin ya daina ɗuri zai iya zuba ninkin abin da motar ke buƙata. A irin waɗannan motoci, ɗuri da shuɗin geji kaɗai caca ce.

Shi kansa gwangwanin ɗurin ƙa'idar ba ta ƙyale shi ba. Yana sakin tururi yana sanyi, har raɓa ta lulluɓe shi, matsinsa ya faɗi ya yi daidai da na motar, ɗuri ya tsaya alhali da saura a ciki. Maganinsa ruwan ɗumi wanda hannu zai iya jurewa. Ban da wuta, ban da ɗora shi kan inji, ban da barin sa kan dashbod a rana. Gargaɗin da ke jikinsa ya hana a bar shi ya wuce wajen digiri 50. Kifa shi don ruwan ya shiga da sauri yayin da inji ke aiki na iya aika ruwa kai tsaye cikin kwamfireso, shi kuwa tururi aka yi shi ya matsa. Mafi haɗari duka shi ne buɗe jan bawul inji na aiki gwangwani na haɗe: matsin 250 ko 300 zai koma cikin gwangwanin da ke hannun mutum.

Wannan dangantaka ta zafi da matsi tana kuma iya kama jabu. A ajiye silinda a inuwa ta yi awanni, a auna zafin wurin, a ɗaura geji. In wurin na digiri 30, R134a na gaskiya zai ba da kusan 97. R22 na esin ɗaki zai ba da wajen 158, R600a na firji kuwa wajen 44. Lambar da ta kauce da yawa ta isa a mayar wa mai kaya da kayansa. Sai dai gwajin ba ya kama kowane jabu, don akwai gaurayen da ake haɗawa musamman domin matsinsa ya yi kama da na gaske. A 2011 wasu kwantenonin sanyi na jiragen ruwa sun fashe a Biyetnam da Barazil, ma'aikata uku suka rasa rayukansu, aka kuma danganta abin da jabun gas mai ɗauke da R40, wanda ke cin alminiyam. Irin wannan sai na'urar tantance gas. Tudu ma yana ɗan taɓa lissafi: a Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, geji na nuna ƙarin kusan 2 a kan na bakin teku, injin zuƙe iska kuma ba zai kai allura 30 a ɓangaren ƙasa da sifili ba, wajen 26 za ta tsaya komai kyawunsa.

Hanyar da ba ta dogara da yanayin gari ba ita ce awo da sikeli. Kusan kowace mota na da sitika ƙarƙashin bonet mai ɗauke da sunan gas da nauyinsa. Ƙananan motoci galibi giram 450 zuwa 700, manya masu esin baya suna kaiwa kilo ko fiye. A kwashe abin da ke ciki, a zuƙe iska da laima na kamar rabin awa, a rufe a ga ko allura za ta dawo, sannan a ɗora silinda kan sikeli a zuba abin da sitika ta ce. Giram 550 a Janairu shi ne giram 550 a Afrilu. Bayan an gama ne geji ke shigowa da aikinsa na gaskiya, wato ya nuna ko kwamfireso na bugu, ko akwai toshiya, ko kwandensa na numfashi.

Ban ga adalci ba a ɗora laifin duka a kan mai gyara. Na'urar kwashe gas tana da tsada, wuta ba kullum ba, mu masu mota kuma mun fi son a ce "ɗan ƙari" a sallame mu cikin minti goma da a ce a kwashe a fara daga farko. Amma sikelin da zai auna giram bai fi ƙarfin gareji ba, ma'aunin zafi kuwa ya fi shi araha. In dole sai an yi ƙari ba tare da awo ba, a ƙalla a yi shi da geji biyu, a inuwa, da ma'aunin zafi rataye a gaban kwandensa ba lambar da waya ta nuna ba, a ɗaga inji zuwa juyi 1,500 ko 2,000, fankar ciki a ƙarshe, a jira allurai su natsu, a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan ana dakatawa. Mai son ƙarin tabbaci ya manna ma'aunin zafi a siririn bututun da ke fita daga kwandensa. In jan geji ya ce 229, wato digiri 60, bututun ya kamata ya gaza haka da 'yan digiri, alamar gas ya gama zama ruwa. In zafinsu ɗaya ne, gas bai isa ba. In tazarar ta yi faɗi sosai alhali matsi na sama, an wuce gona da iri.

Wani sabon ruɗani kuma na tafe tare da motocin da ake shigowa da su. Kamar yadda R134a ya maye gurbin tsohon gas R12 a tsakiyar shekarun 1990 bayan yarjejeniyar kare sararin samaniya ta Montreal ta 1987, haka Tarayyar Turai ta hana R134a a duk sabuwar mota daga Janairun 2017, kamfanoni suka koma R1234yf, Amurka ma ta bi sahu. Matsin gas biyun ya yi kusa ƙwarai, a digiri 40 kusan lamba ɗaya suke bayarwa, don haka geji ba zai bambance su ba. Sabon yana iya kama wuta kaɗan, ya fi tsada nesa, kuma bakin ɗurinsa dabam aka yi shi da gangan don kada a gauraya. Duk wanda aka kawo wa motar 2018 ko sama da haka, ya ga kan tiyonsa ya ƙi zama a bakin ɗuri, ya ɗaga bonet ya karanta sitika kafin ya aika yaro kasuwa neman mahaɗi.